Ranar da Na Kai Ƙarar Auta Kan Garin Ƙwanso

Kafin gaisuwa, gargaɗi. Ku da ke layin baya da kai a sunkuye, ina ganin hasken waya a fuskokinku. Ku mayar da ita aljihu, don gwiwata ce ta tsufa, idona bai tsufa ba. Duk kuma wanda ya zo yana tsammanin zai ga uwa ta hau nan tana share hawaye da bakin mayafi, tana cewa tun 'yarta na goye ta san za ta zama wani abu, to ya yi haƙuri, ba ni ba ce. Abin da na sani tun tana goye shi ne taurin kai. An ce mini minti biyar aka ba ni. Na ji, amma ban amsa ba.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban kwalejin koyon sana'a, malaman sashen sarrafa roba da sauran malamai, shugabar mata masu sayar da kifi da jama'arta da na ga sun cika layi biyu, masu masana'antu da suka bar injinansu suka zo, iyaye 'yan'uwana maza da mata, ɗalibai 'ya'yana, da sauran jama'a, waɗanda aka gayyata da waɗanda suka ji ƙamshin girki suka shigo: ina yi muku sallama, ina gaishe ku da zuwa.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana da ake buɗe wannan ɗakin aiki, inda za a riƙa haɗa garin ƙwanso da roba a fitar da baho da bokiti da faranti. Ina gode wa kwaleji da ta ba da wuri, da malamai da suka ba da lokaci. Ina kuma gode wa wanda ya ga ya dace a kira uwar yarinyar da ta yi binciken ta faɗi wani abu, ko da yake na tabbata da ya san abin da zan faɗa, da ya kira babanta. Shi babanta, ga shi can a zaune, shekara talatin yana gyaran keken ɗinki, bai taɓa yin jawabin da ya wuce “Allah ya sa alheri” ba. Da tuni kuna cin abinci.

Magana huɗu ce da ni, kuma ba tsawonsu ɗaya ba.

Ta farko, wari. Ga waɗanda ba su sani ba, ƙwanson da ake ta faɗa a nan ba wani abin ado ba ne. Ɓawon katantanwar teku ne da na kawa da danginsu, wanda idan an cire naman ake tara shi a bayan kasuwar kifi, tsibi-tsibi, ƙuda na bi, mai wucewa na toshe hanci. Wannan shi ne abin da Auta, 'yata ta ƙarshe, ta fara shigo mini da shi gida buhu-buhu a shekararta ta ƙarshe a wannan kwaleji. Ta jiƙa shi a bahon wankina. Ta goge shi ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori. Ta tafasa shi a babbar tukunyata, ta shanya shi a kan rufin ɗakin ajiya, ta daka shi a turmina, ta tankaɗe shi da rariyata, rariyar da ko yayarta ba ta isa ta ara ba. Wata huɗu duk baƙon da ya shigo gidana sai ya leƙa ƙarƙashin kujera yana neman mushen ɓera. Na yi shiru, don na ce karatu ne, kuma ni ma na yi sakandare, na san malamai ba sa rasa abin wahalar da mutum. A ƙarshe ta tara bokiti uku masu murfi, kowanne da takarda manne: ɗaya mai laushi kamar hoda, ɗaya matsakaici, ɗaya mai ɗan tsakuwa. Ta jera su a lungun madafa, ta ce kada kowa ya taɓa. A gidana. A madafata.

Magana ta biyu, kalma ɗaya ce, kuma ita ce ta kusa raba ni da 'yata.

Wata rana da la'asar muna tsinar shinkafa, sai na tambaye ta, wai shin wannan gari me za a yi da shi ne. Ta ce, “Ciko ne, Mama. Ana zuba shi cikin narkakkiyar roba, sai a rage yawan robar da ake buƙata, kaya su yi araha.”

Jama'a, ku saurare ni da kyau. Shekara ashirin da shida ina da shagon hatsi da fulawa. A sana'armu, duk abu mai araha da aka zuba cikin abu mai tsada don ya ƙara auki, sunansa ɗaya ne tak: algus. Yashi a shinkafa algus ne, ruwa a madara algus ne, alli a fulawa algus ne. Na taɓa mayar wa wani dillali buhu goma sha biyu a gaban mutane saboda tsakuwar da na samu a gindin buhu ɗaya. Kuma ɗan abin da ya rage mini a ka na darasin kimiyya ya tuna mini cewa ƙwanso da alli dangi ɗaya ne. To ga 'yar cikina, wadda na yi wa faɗa kan ƙarya tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba, tana zaune a gabana tana gaya mini da fara'a cewa wata huɗu ke nan tana daka alli a turmina don a zuba wa mutane a cikin kayansu.

Na ajiye farantin shinkafa. Na ce mata, “Ni ban haifi mai algus ba.”

Ta buɗe baki za ta yi bayani, na ɗaga hannu. Waɗanda suka girma a gidana sun san hannun nan. Yarana a bayan idona suna kirana Kotun Ƙoli, sun ɗauka ban sani ba.

Washegari tana fita makaranta, na juye bokitan nan uku cikin buhu ɗaya, mai laushi da matsakaici da mai tsakuwa, duk na haɗe su. Kuma da yake ba na son almubazzaranci ko a cikin fushi, ban zubar a bola ba. Na kai wa maƙwabciyarmu mai kiwon kaji, wadda ta daɗe tana zagaya bokitan nan da ido tana cewa kaji masu ƙwai na son irinsa. Na wanke bokitan tas, na kife su a rana, na ji a raina na ceci gidana daga abin kunya.

Auta ta dawo ta tarar da su a kife. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni ina garin, na gaya mata, ta ce “To,” ta shige ɗaki. Saura kwana goma sha shida ta narka kayan gwajinta na ƙarshe a gaban masu jarrabawa, kuma ba ta da ko cokali ɗaya na gari. Daga ranar sai gaisuwa kawai, gaisuwa cikakkiya, har ƙasa, irin wadda ake yi wa baƙuwa. Ta daina zama da ni a madafa. Na ga ta fara ninke kayanta a jaka, yayarta kuma ta buga mini waya tana kame-kame, wai akwai ɗaki a wurinta idan Auta na son ta huta kwana biyu. Iyaye mata, kun san irin kwana biyun nan. Babanta yana gyaran wani tsohon keke a zaure, bai ko ɗago kai ba ya tambaye ni ko na bari ta kai ƙarshen maganarta. Na ce masa wace magana kuma ta rage bayan mutum ya amsa laifinsa da bakinsa.

Magana ta uku, ita ce ta kawo ni wannan kwaleji karon farko, ba don taro ba, don ƙara. Na ce yarinya ba ta koyi wannan a gidana ba, don haka a makaranta aka koya mata, kuma sai na ga malamin da ido. Na sa kayana na fita unguwa, na zo. Aka nuna mini ɗakin gwaji, wani dogon ɗaki mai warin ƙonannen bokiti, da injuna jere, da wani mutum mai tabarau rataye a wuya da igiya, shi ne malamin Auta. Ga shi nan a gefen shugaba yana kallon silin. Malam, ba zan faɗi duk abin da na gaya maka ba, saboda akwai yara. Na dai yi masa wa'azi na kusan rubu'in sa'a kan amana, kan tarbiyya, kan ranar da za a tambayi kowa abin da ya koyar. Bai katse ni ba. Da na tsaya shan iska sai ya jawo mini kujera, ya ce in zauna.

Da farko ya gaya mini abin da ban sani ba, cewa tun da daɗewa masu yin kayan roba suna zuba garin dutsen alli a ciki, wanda ake fasa ƙasa a haƙo, kuma mai yiwuwa bokitin da nake wanka da shi akwai shi a ciki. Abin da Auta ke nema, in ji shi, shi ne ko ƙwanson da ke ruɓewa a bayan kasuwa zai iya yin wannan aiki, a huta da warin, a rage haƙan. Na ce masa yawan masu yi ba ya halatta abu. Ya ce haka ne. Sai ya buɗe aljihun tebur ya ciro wasu 'yan sandunan roba guda biyar, kowanne kamar tsawon cokali. Ɗaya ba rubutu, sauran an rubuta musu goma, ashirin, talatin, arba'in. Ya ce lambar ita ce yawan garin ƙwanso a cikin ɗari. Ya ce, “Mama, lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya.”

Marar rubutu ya lanƙwashe laƙwas. Mai goma ya ɗan yi gardama. Mai ashirin ya tsaya ƙyam, sai da na sa ƙarfi, na sake shi ya miƙe. Mai talatin ya yi fari a inda ya lanƙwashe. Mai arba'in kuwa ko gama matsawa ban yi ba ya ɓalle biyu a hannuna. Na miƙe tsaye da guntayen, na ce masa ga shi nan, shaida ta fito daga aljihunsa, wannan shi ne bahon da za su sayar wa talaka ya tsage ranar da aka fara wanki.

Sai ya jawo wani littafi mai baƙin bango ya buɗe mini. Rubutun Auta ne, rubutun nan da nake ƙorafi a kai tun tana firamare, kamar kaza ta bi ta kan tawada. A tsakiyar shafi, da jan biro, an ja layi biyu a ƙasa: kada a wuce ashirin da biyar, arba'in na karyewa. Shafi bayan shafi, duk gwajin da ta yi, da wanda ya yi kyau da wanda ya lalace, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Sannan Malam ya ba ni labarin da ita ba ta taɓa ba ni ba. Wani mai masana'anta, wanda ba ya cikin ɗakin nan, don na duba, shi ne ke ba su ƙwayar roba kyauta don gwaji. Da ya ga sakamakon sai ya nemi Auta ta cire wannan shafi, tunda baho mai arba'in da mai ashirin ido ba ya bambanta su a kasuwa. Ta ƙi. Ya lallashe ta, ta ƙi. Ya janye robarsa. Malam ya ce yana tsaye a wurin lokacin da ta ba mutumin amsa, kuma ya maimaita mini ita yadda ta faɗa:

“Mahaifiyata ba ta taɓa zuba wani abu a mudu a ɓoye ba. In na cire shafin nan, ba zan iya shiga gidanmu ba.”

Jama'a, na koma na zauna ba tare da an ce in zauna ba. Gidan da take tsoron shiga da ƙarya, shi ne gidan da ni na sa take haɗa jaka za ta bari da gaskiyarta.

A kan kujerar nan na gane abin da shekara ashirin da shida a shago ba su koya mini ba. Algus ɓoyewa ake yi, ciko kuwa faɗa ake yi. Algus ba a auna shi sai dai a zuba iya abin da ido ba zai kama ba, ciko kuwa aunawa ake yi, a gwada, a karya, a sake gwadawa, har a san inda yake ƙara ƙarfi da inda yake fara cuta, a tsaya a nan. Garin ɗaya ne. Hannun da ya zuba da bakin da ya faɗa su ne suka bambanta.

Magana ta huɗu, gyara. Daga nan gidan mai kaji na wuce kai tsaye, ko zan ceto wani abu. Na tarar ta riga ta gauraya shi da dusa, kaji sun ci rabi. Ta rungume ni tana godiya, wai tunda ta fara ba su ƙwai bai ƙara fashe mata a tire ba, ko akwai saura. Ban taɓa jin godiyar da ta yi mini zafi kamar wannan ba.

Saura kwana goma sha uku. Na ari baron babansu, na tura shi da kaina har bayan kasuwar kifi, wurin da shekara da shekaru nake wucewa da mayafi a hanci. Shugabar mata masu kifi, ga ta can tana dariya tun kafin in faɗa, ta dube ni sama da ƙasa ta tambaye ni ko yau mura nake yi da ban toshe hanci ba. Na gaya mata abin da na aikata, ban rage komai ba. Ta gama dariyarta, sannan ta kira matan nan ɗaya bayan ɗaya, kafin azahar sun cika mini baro sau uku, har sun ware mini masu tsabta. Ba zan manta muku ba.

Auta ta dawo da yamma ta same ni a tsakar gida da taɓarya a hannu, na yi fari fat tun daga gira har ƙafa, babanta na zaune a kan bokiti yana goge ƙwanso da buroshi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo. Na ci gaba da daka, ban dube ta ba. Can sai ta ajiye jakar makaranta, ta zo ta ɗebi garin ta murza a yatsa, ta ce, “Mama, bai bushe ba. In da danshi robar kumfa za ta yi. Sai an sake shanyawa.”

Haka aka yi kwana goma sha biyu ina aiki a ƙarƙashin 'yar da na haifa. Ni da na yi shekara arba'in ina tankaɗe, sau biyu tana dawo mini da bokiti wai akwai tsakuwa. Ta hana ni tankaɗe da fanka a kunne. Ta sa ni wanke rariya tsakanin mai laushi da matsakaici. Na lura tana jin daɗin abin fiye da yadda ya kamata, amma na haɗiye. Jakar kayan nan dai ban san ranar da aka warware ta ba. Na shiga ɗakin wata safiya na ga kaya sun koma cikin kwaba. Ta yi gwajinta, ta ci, kuma yau ga mu a nan.

To amma akwai abin da ban yi ba. Na tura baro, na yi daka, na yi tankaɗe, na ɗauka ya wadatar, don mu iyaye mata mun fi iya ba da haƙuri da hannu. Yau muna tahowa babanta ya ce da ni, a hankali yadda ya saba, wai da baki na yi ɓarnar, ba da taɓarya ba. To ga amsata yanzu.

Auta, tashi tsaye. Tashi mana, kowa ya gan ki. Na kira ki da sunan da ba naki ba, a gaban farantin shinkafa, ba wanda ya ji sai ni da ke. Yau na janye shi a gaban ɗaki cike da mutane. Ke ba mai algus ba ce, kuma ni na haife ki. Ki yafe mini. Zauna. Ki kuma rage wannan murmushin, ba kowace shekara za a yi ba.

Ku masu masana'antu, za ku zo ku sayi wannan gari, kuma na san a cikinku akwai wanda tun ɗazu yake tunanin arba'in. Ina roƙonku, ku tsaya inda littafi ya tsaya. Ina roƙonku, ku buga adadin a gindin kowane baho, ƙarara, yadda tsohuwa za ta kifa shi a kasuwa ta gani. Matar da za ta saya ba ta da injin gwaji, amanarku ce injinta. Ku ɗalibai, ku rubuta abin da ya karye kamar yadda kuke rubuta abin da ya tsaya, kuma idan za ku yi wa iyayenku bayanin karatunku, ku fara da inda amfanin yake, kada ku fara da “araha”, don wasunmu zuciyarmu ba ta jira. Ku iyaye 'yan'uwana, ba ni da bakin yi muku nasiha a yau, kun dai ji abin da ya same ni.

Allah ya sa wa wannan ɗakin aiki albarka. Allah ya tsare hannun masu aiki a cikinsa daga wuta da injin, ya tsare zukatansu daga son zuciya. Allah ya saka wa malamai, ya buɗa wa mata masu kifi kasuwa, ya shirya mana zuri'a, ya ba mu kunnen sauraronsu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na rufe da doka, don ban saba tashi daga wuri ban kafa ɗaya ba. Daga yau, a gidana, ba a zubar da kayan kowa, ba a kuma raɗa wa aikin kowa suna, sai mai shi ya yi bayani har ya ce da bakinsa ya gama. Dokar ta hau kan yara, ta hau kan jikoki, ta hau kan baƙon da ya kwana, kuma ni ta fara hawa. Babansu shi ne shaida. Amma kada ya ɗauka an ba shi izinin doguwar magana.

Na gode.